Yadda Zane Ya Zama Abincina a Kano

Assalamu alaikum. Ni haifaffen cikin Badala ne, a nan na yi wayo, kuma har yau sana'ata ba ta raba ni da Kano ba. Aikina zane a kwamfuta: tambarin kamfani, sitikar kwalba, bangon littafi, katin biki, fasta, kwalin kaya. Yara masu tasowa suna yawan tambayata ta ina za su fara, amsar kuwa ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp guda. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi yadda ni na faro da mutanen da na bi ta hannunsu, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Wanda ya fara buɗe min ido Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Alaramma ne, yana rubuta Alƙur'ani da ka, kuma a unguwarmu idan yaro ya kusa sauka, wurinsa ake kawo allo ya yi masa zayyana. Ni ne ɗan aikensa. Ni nake jiƙa ƙaro, ni nake wanke 'yan kwalaben tawada, ni nake riƙe masa bakin zare idan zai fitar da layi. Baƙin rubutu da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, wasu wuraren kore. Ba shi da kayan awo irin na 'yan boko. Da bakin kofin shayi yake fitar da da'ira, da tsinke yake raba ta gida-gida, amma idan ya gama ka ɗora ma'auni ba za ka sami gefen da ya ɗara wani ba. Wata rana ya ba ni guntun takarda in gwada, na cika ta maƙil da ado har baki. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗan nan, hannunka yana da kyau, amma ka bar wa ido wurin hutawa." Ban taɓa zama a ajin da aka koya min abin da ya fi wannan amfani ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai ɗauki zane sana'a ba. Ɗan kasuwar Kwari ne, burinsa in gama sakandare in zauna masa a shago. Ban da haka yana da damuwa ta addini a kan zana abu mai rai, kuma damuwa ce ta gaske da iyaye da yawa a garin nan suke da ita. Kawu ne ya shiga tsakani. Ya ce masa rubutu da ado ba su da laifi, ga yaro Allah ya ba shi hannu, a kai shi inda zai koyi rubutun allunan shaguna. Haka aka yi. A 2003, bayan na gama sakandare, aka damƙa ni hannun wani dattijo mai rubutun alluna a Fagge.

Shagon Maigida ɗan ƙarami ne, rabin aikin ma a bakin titi ake yi. Gwangwanayen fenti, buroshi iri-iri a cikin kananzir, alli, soso, reza, da igiyar da ake shafa wa bula a ɗaure ta a finciko ta bar layi a jikin allo. Idan aikin ƙyalle ne, na Maulidi ko na taron siyasa ko na saukar Islamiyya, farin yadi muke shimfiɗawa, mu yanka haruffa a jikin tsohuwar ledar hoton asibiti, mu ɗora, mu riƙa dangwala fenti da soso. Na daɗe ba a bar ni na taɓa buroshin rubutu ba. Goge allo, shafa farin fenti na ƙasa, wanke kaya, sayo abinci. Da aka fara ba ni harafi, sai na gane zana shi ba shi ne wahalar ba, tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ita ce aikin. Maigida ba ya auna ta da komai sai ido. Kuma duk allon da aka gama, sai ya ce, "Tsallaka titi ka karanta min." Idan daga can sai na ƙanƙance ido, to allon bai gamu ba, ko da mai shi yana tsaye da kuɗinsa a hannu.

A wurinsa na san cewa allon shago da mai wucewa yake magana, kuma masu wucewa a Kano ba iri ɗaya ba ne. Wani boko yake karantawa, wani ajami, wani Larabci, wani kuma hoto kawai yake ganewa. Don haka allon tela sai an zana keken ɗinki, na mai aski sai an jera kawuna da salon aski, na mai kifi sai an sa kifi. Da yawa mukan rubuta sunan shago da boko a sama, ajami a ƙasa. Direbobin manyan motoci ma suna zuwa a rubuta musu karin magana ko addu'a a bayan bodi, a kewaye da furanni da dagi. Ina ganin mutanen nan su ne masu zanen Kano na farko a wannan zamanin, ko da yake ba a taɓa kiransu taro an karrama su ba.

Ina cikin koyon nan injinan fileks, masu buga manyan allunan talla a kan leda, suka fara yawa a gari. Abin da muke kwana biyu muna yi da soso, inji ya fitar da shi cikin sa'a guda, har da hoton mutum da kalarsa. A gaban idona aikin ƙyalle ya mutu. Maigida bai yi fushi da zamani ba. Wata rana bayan La'asar ya kira ni ya ce, "Ni na tsufa da buroshi, a kansa zan ƙare. Kai ka je ka koyi na'urar nan, amma kada ka yar da abin da ka gani a nan." Shi da kansa ya haɗa ni da wani mai shagon kwamfuta a Sabon Gari da yake kai wa aiki.

Nan kuma wata duniya ce. Sabon Gari ita ce cibiyar ɗab'i a lokacin, kuma mafi yawan ƙwararrun da na tarar Yarabawa ne da Inyamurai. Wanda ya koya min CorelDRAW, manhajar zane a kwamfuta, wani matashi ne Bayerabe, haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da rana ina buga wa ɗalibai takardu ina ɗaukar hoton takarda, da yamma idan kwastoma sun ragu kuma janareta bai ƙare da mai ba, sai ya ja min kujera. Bai taɓa ɓoye min komai ba. Na faɗi wannan ne don masu cewa a sana'ar nan kowa nasa yake koya wa. Ni dai ba haka na gani ba. CorelDRAW 12 muke amfani da shi, a kan tsohuwar kwamfuta mai ƙaton allo, ga wuta tana ɗaukewa ba sallama, har yatsana ya saba adana aiki bayan kowane motsi. Photoshop daga baya na koya, don gyaran hoto da cire bayansa. Har gobe a maɗaba'un Kano CorelDRAW ne sarki. Duk manhajar da ka yi aiki da ita, idan ka je wurin bugu da shi za a tambaye ka.

Kasuwar da ta fara ba ni kuɗin kaina ita ce ta fim da ta littafi. Lokacin kaset da faifan CD suna tashe, Ƙofar Wambai da Bata cike da dillalai, ofisoshin 'yan fim kuma sun fara taruwa a Zoo Road. Kowane fim sai an yi masa fasta da bangon faifai. Aikin yana da tsarinsa da ba a rubuta ba: fuskar babban jarumi ta fi ta kowa girma, sunan fim da haruffa masu kauri da inuwa, kala mai ƙarfi da za ta ja ido daga cikin ɗaruruwan fastoci a bangon shago. Furodusa zai zauna a bayanka yana cewa ƙara wannan, matso da wancan, har sai fuskoki sun cika takardar. Ina jin maganar Kawu a kunnena, amma yaro ne ni, ba ni da bakin musu. Marubuta littattafan Hausa, waɗanda da yawansu mata ne, sun fi ba ni sarari. Wata za ta aiko ƙaninta da rubutun da kuɗin, ta ce in karanta in ga abin da ya dace da bango. A nan na fara karanta aiki kafin in zana shi.

A wurin littattafan nan na haɗu da matsalar da har yau take ci min tuwo a ƙwarya, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tun shekarun 1930 ɓ da ɗ da ƙ suke cikin rubutun boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yi aiki da su, amma da kwamfuta ta zo sai ta zo babu su. Wasu maɗaba'u suna bugawa haka nan, wasu suna sa waƙafi a gefen harafi, na ga ma inda ake bin shafi da alƙalami ana ƙara lanƙwasar da hannu kafin a ɗauki filet, wato farantin da inji yake bugawa da shi. Abin da ya cece mu a lokacin shi ne salon haruffan Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, muna yawo da shi a faifai daga shago zuwa shago. Amma idan ka kai aiki kwamfutar da babu shi, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Dole kafin ka fita ka mayar da rubutun gaba ɗaya zane. Yanzu an samu sauƙi: haruffan suna cikin tsarin Unicode, allon rubutu na waya yana da su, salon haruffa irin su Noto na Google suna ɗauke da su. Ko ajami an yi masa Alkalami, wanda aka tsara a kan salon rubutun Kano. Duk da haka mafi yawan haruffan ado da masu zane suke so don kanun fasta ba su da namu. Ni idan na zaɓi irin waɗannan, zama nake in zana lanƙwasar da hannuna, in daidaita kaurinta da na sauran. Yana cin lokaci, kuma ba kowane kwastoma ne yake lura ba. Amma raina yana ɓaci idan na ga ƙaton allo a kan babban titi, an kashe masa dubban ɗaruruwa, an rubuta Hausa babu lanƙwasa ko ɗaya. Wanda ya zana shi ba zai yarda ya yi wa Turanci haka ba.

A 2007 aka dakatar da harkar fim na wasu watanni a Kano, aikinmu na Zoo Road ya tsaya cak. Shekarar ta zaɓe ce, kuma ni da ire-irena fastocin siyasa ne suka riƙe mu kafin nan. Duk mai zane a garin nan ya san kakar siyasa. Ba a barci, injina ba sa hutawa, takarda tana tsada, kuɗi yana shigowa. Ita ce kuma kakar da ake cinye mana haƙƙi. Akwai yaron wani ɗan takara da ya kawo min babban aiki gab da zaɓen 2011, fasta da kalanda da sitikar mota, ya ce Oga zai sallame ni idan an gama. Na ci bashin takarda, na ci na bugu. Ɗan takarar ya faɗi, wayar yaron ta daina shiga. Sai da na sayar da babur ɗina na biya masu maɗaba'a, don gobe ma wurinsu zan koma. Tun daga nan duk wanda ya kawo aiki, babba ne ko yaro, sai ya ajiye kafin alƙalami da zai ɗauki kuɗin takarda da bugu. Akwai kuma aikin da ba na karɓa ko nawa ne: fastar cin mutunci, ko haɗa hoton mutum da abin da bai yi ba. An sha kawo min, musamman da Facebook ya yi ƙarfi.

Mutumin da ya koya min kala ba mai zane ba ne, afaretan inji ne. Tsoho ne mai aiki a kan Kord, injin Heidelberg na Jamus mai buga kala ɗaya a lokaci guda. Aiki mai cikakkiyar kala sai takarda ta bi ta cikinsa sau huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya, sannan baƙi, kowanne da filet ɗinsa. Na kai masa katin biki da na yi wa wani shuɗi mai haske da ya burge ni a allon kwamfuta. Ya ce, "Malam, wannan shuɗin a cikin gilashi kawai yake, tawada ba ta da shi." Ya sa na tsaya a gefensa har aka gama. Ina kallo yana ɗebo tawada da wuƙa yana shafa wa rola, yana zaro takarda ɗaya ya kai ta bakin ƙofa ya duba a hasken rana, ya dawo ya ɗan murɗa wani ƙarfe, ya sake zarowa. Ya nuna min 'yan alamomin da ke gefen takarda, waɗanda idan ba su hau kan juna daidai ba fuskar amarya za ta fito biyu-biyu. Ya nuna min dalilin da ƙaramin rubutu baƙi ba a haɗa shi da kala huɗu, da dalilin da ake barin zane ya ɗan wuce layin yanka. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, kuma takarda mai sheƙi da marar sheƙi ba sha ɗaya suke yi ba. Yau akwai injinan da suke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, amma duk yaron da yake koyo a wurina sai na tura shi ya wuni a maɗaba'a, ya ji ƙarar inji, ya shaƙi warin tawada.

Da na ɗan tsaya da ƙafata na koma karatu, na shiga sashen zane na Kano Poly. Wasu abokaina sun ce ɓata lokaci ne tunda ina samun kuɗi. Ban yarda da su ba. Makaranta ba ta ƙara min saurin hannu ba, kasuwa ta riga ta ba ni wannan, amma ta ba ni dalilan abubuwan da nake yi da ka, ta kuma sa na iya yi wa kwastoma bayani maimakon in ce masa kawai haka ya fi kyau. Malamanmu da dama Zariya suka yi karatu, a Jami'ar Ahmadu Bello, inda koyar da zane ya daɗe da kafuwa. Ɗaya daga cikinsu yakan kore mu daga aji ya ce mu tafi Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko layin dukawa a Kurmi, mu dawo masa da zanen abin da muka gani. A nan na fara kallon garinmu da idon sana'a. Askar da ke wuyan babbar riga, aska biyu da aska takwas. Zanen hula. Saƙar faifai. Sassaƙar ƙwarya. Adon da magina suke yi a fuskar soro, da zankwayen da ke samansa. Ƙullin da marina suke yi wa yadi kafin su tsoma shi a baba. Duk wannan tsari ne da aka gada, mai ƙa'ida, mai lissafi.

A nan ina da ƙorafi a kanmu masu zane. Duk wanda aka ce ya yi tambari mai kamar na gida, sai ya ɗauko dagin Arewa ya manna, shi ke nan. Kamfanin shinkafa dagi, makaranta dagi, ƙungiyar matasa dagi. Dagi abu ne mai daraja, amma ba shi kaɗai muka mallaka ba, kuma yawan manna shi ya sa ya daina cewa komai. Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu kwafo abin da suka gani a intanet, har ka ga tambarin mai kilishi a Kano ba shi da bambanci da na shagon gahawa a Turai. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da ba mu shiga ba tukuna.

Shekarar 2012 ta yi wa kowa nauyi. Bayan harin watan Janairu gari ya shiga dokar hana fita, baƙi da yawa suka tafi, cikinsu har da wasu ƙwararrun maɗaba'a da muka saba da su. Kasuwar faifai ma tana mutuwa a hankali. Na yi tunanin komawa Kwari. Abin da ya tsayar da ni wani aiki ne da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba.

Wata Hajiya, ƙawar yayata, tana daka yaji tana sayarwa a gida, a cikin robobi marasa suna. 'Yarta ta buɗe mata shafi a Instagram, sai aka ce ana buƙatar sitika. Na je gidan, aka shimfiɗa min tabarma a soro, ta turo min robobin da kala uku na yajin. Na tambaye ta su wa suke saya. Ta ce, "Ɗana, matan aure ne, da masu kai wa 'yan'uwa tsaraba Abuja da Saudiyya." Na tambaye ta me suke cewa idan sun dawo. Ta ce suna cewa ƙamshin citta da kanumfari ne ya bambanta shi. A kan wannan na gina aikin. Na bar tsakiyar robar a buɗe don a ga yajin da kansa, tunda kalarsa ta fi duk abin da zan zana. Sitikar siririya, ruwan ƙasa, sunanta da manyan haruffa irin na allunan Fagge, ƙaramin ado na saƙar faifai a gefe, kayan haɗi da lambar waya a baya. Da ta gani ta yi shiru, sannan ta ce, "Ba ka sa fulawa ba?" Na roƙe ta ta gwada haka nan, idan bai karɓu ba zan sake mata kyauta. Ba ta dawo da shi ba. Abin da ta turo min shi ne ƙawayenta: mai turaren wuta, mai humra, mai dambun nama, mai man kaɗe, mai garin kunu.

Yau mafi yawan abincina daga irin waɗannan matan yake fitowa, da ƙananan masana'antu masu ruwan leda da sabulu da shinkafa. Lokacin kullen korona a 2020, da kasuwanni suka rufe, sana'ar cikin gida ta waya ta ƙaru sosai, aikin sitika da kwali ya bi ta. Aiki ne da yake buƙatar sani fiye da ado. Dole ka bar wurin lambar NAFDAC da ranar da aka yi kaya da ranar lalacewarsa. Dole ka san sitikar da za ta jure mai da wadda za ta jure sanyin firji. Dole ka tuna cewa hoton kayan a ƙaramin allon waya za a fara ganinsa, don haka tsallaka titin da Maigida yake sa ni yi, yanzu ƙanƙanta zanen nake yi a waya in ga ko sunan yana karantuwa. Kuma idan na ga robar da na yi wa sitika a kan kanta a babban shago, kusa da kayan waje, ba ta jin kunya, daɗin da nake ji ya fi na duk fastar siyasar da na taɓa yi.

Game da junanmu, da can kowa yana shagonsa ne yana ɓoye abin da ya sani. Waya ta canza wannan. Muna da zaure a WhatsApp da ya haɗa masu zane na Kano, daga masu shago a Zoo Road da Beirut Road har ɗalibai da matan aure masu aiki daga ɗaki. A nan ake tambayar inda takarda ta fi sauƙi, wace maɗaba'a ce injinta yake da lafiya a makon nan, wane kwastoma ne yake yawo da aikin mutane ba ya biya. Lokaci-lokaci mukan haɗu ido da ido, kowa ya buɗe aikinsa a faɗa masa gaskiya. Ranar farko da wuya, don ba mu saba a duba aikinmu a gaban jama'a ba, amma wanda ya jure yakan dawo da abin da ya fi. Wuraren koyon fasahar zamani irin su Startup Kano su ma sun taimaka wajen haɗa yaranmu da masu gina manhaja, har wasu sun koma tsara fuskar manhajoji suna yi wa kamfanonin Legas da na waje aiki daga nan. Mata kuwa sun shigo da ƙarfi, kuma a aikin kayan kwalliya da na biki sun fi mu sanin abin da mai saye take so.

Rigimar da ba ta ƙarewa a zauren ita ce ta farashi. Yaro da waya da manhajar zane irin su PixelLab ko Canva zai yi fasta a kuɗin da bai kai na katin waya ba, manya su yi ta faɗa wai an ɓata sana'a. Ni ba na cikin masu zaginsu. Na tuna yadda fileks ya yi wa Maigida, na tuna kuma bai zage ni ba da na koma kwamfuta. Yaron da ya fara da waya yana da ido, abin da ya rasa wanda zai nuna masa ne, ya kuma gaya masa cewa data da caji da lokacinsa duk kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin janareta da takarda da tawada suka yi sama, wanda bai iya lissafi ba zai yi ta aiki yana cin uwar kuɗinsa. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, kwastoma yana zuwa da hoton da ta haɗa masa ya ce a buga. Ina amfani da ita a wasu abubuwan, ba na ƙinta. Amma sau da yawa hular da take sa wa Bahaushe ba tamu ba ce, rubutun Hausarta a karkace, girman hoton kuma bai isa bugu ba. Gyaran nan ma ya zama aiki da ake biyanmu.

Maigida ya rasu shekarun baya, Allah ya gafarta masa. Allunansa da na tsararrakinsa suna ɓacewa, duk shagon da aka gyara sai a cire na fenti a ɗaura fileks. Don haka ni da wasu abokai biyu daga zauren muka fara bin unguwanni ranar Lahadi da safe, Fagge, Gwammaja, Kurna, Rimi, muna ɗaukar hoton duk tsohon allon hannu da muka samu, da bayan manyan motoci a tasha idan direba ya yarda. Daga cikinsu muke fitar da salon haruffa na kwamfuta, masu kauri irin na allunan shaguna, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsu tun daga tushe, manya da ƙanana. Ba mu taɓa yin irin wannan aikin ba, muna koyo ne muna yi, kuma daidaita tazarar haruffa kaɗai ya cinye mana watanni. Mun gama manyan baƙaƙe da lambobi, ƙananan ne suka rage. Niyyarmu idan Allah ya sa an kammala mu sake shi kyauta ga duk mai so. Wanda yake da tsohon allon hannu a unguwarsu, ko a shagon mahaifinsa, ya taimaka ya ɗauke shi hoto daga gaba sosai, da rana, kafin a sauke shi.